Kafin a Ɗaura Ruwan Farko: Shirin Kemo Daga Gida Yake Farawa

Tun bayan da na kammala karɓar maganin sankarar mama, 'yan'uwa da abokan arziki sukan haɗa ni a waya da matan da likita ya ce za a fara yi musu kemo, wato maganin nan mai ƙarfi da ake ɗurawa ta jijiya domin kashe ƙwayoyin cutar daji. Kusan dukkansu da tambaya biyu suke farawa: shin da zafi, kuma da gaske ne gashi yana zubewa? Nakan ba su amsa iya sanina, amma abin da na fi so su ji ya wuce wannan. Ranar da ake ɗaura ruwan a asibiti ita ce mafi sauƙi a lamarin, domin a ranar akwai likita, akwai nas, akwai wanda zai taso da gudu idan wani abu ya faru. Sauran kwana 20 da ke biyo baya kafin ruwa na gaba a gida ake yin su, a tsakiyar yara da 'yan dubiya da sauro da masu kawo shawara, kuma su ne suke bukatar shiri na gaske.

Maganin kemo yana farautar ƙwayoyin halitta masu saurin hayayyafa ne, domin wannan ita ce ɗabi'ar ƙwayoyin daji. Sai dai a jikin ɗan'adam akwai lafiyayyun ƙwayoyi da su ma haka suke, kamar na saiwar gashi, da na fatar cikin baki da hanji, da na ɓargo inda ake samar da jini, kuma maganin ba ya tantance na kirki da na banza. Daga nan zubewar gashi da gyambon baki da ƙarancin jini suka samo asali, kuma shi ya sa ba a bayar da maganin a jere sai an bar jiki ya farfaɗo. Tsarin da aka ɗora ni a kai, wanda ake yi wa masu sankarar mama da yawa, shi ne zagaye 4 na doxorubicin haɗe da cyclophosphamide, sannan zagaye 4 na paclitaxel, kowane zagaye bayan kwana 21. Kwanakin nan kuwa ba ɗaya suke ba. A ukun farko ko huɗu tashin zuciya da kasala ne suke riƙe mutum. Daga wajen kwana na 7 zuwa na 14 fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne garkuwar jiki, suke yin ƙasa sosai, ko da kuwa mutum yana jin ya ɗan warware. A mako na uku ne ƙarfi yake dawowa, kuma duk wata hidima da ba makawa sai an yi ta, ko zuwa wurin aiki ne ko gaisuwar rasuwa ko sayayyar gida, nan ya kamata a tura ta.

Alƙaluman hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 sun nuna cewa fiye da mutum 120,000 ne ake samu da cutar a Najeriya a shekara guda, kuma sankarar mama ce a kan gaba. Cibiyoyin da ke kula da su ba su da yawa, saboda haka duk wanda ya taɓa zama a layin ganin likitan daji ya san cewa lokacin da zai samu a gaban tebur ɗan kaɗan ne. Wanda ya shiga ba tare da rubutattun tambayoyi ba zai fito da takardar magani kawai. A tanadi ƙaramin littafi tun daga ranar farko, a rubuta sunayen magungunan harafi da harafi, da yawan zagayen, da lambar da za a kira idan jiki ya rikice da dare. A kuma tambayi manufar maganin kai tsaye: domin a rage girman ƙullutu ne kafin tiyata, ko domin a share abin da ya yi saura bayan tiyata, ko kuwa domin a rage wa cutar gudu ne a samu sauƙi? Amsar tana da nauyi, amma a kanta ake gina duk wata shawara ta kuɗi da ta iyali. Yana da kyau a shiga da mutum ɗaya mai natsuwa wanda zai riƙa rubutawa, domin kunnen da ya ji an ambaci daji ba ya riƙe abin da aka faɗa bayan nan.

Akwai wata al'ada da ban yarda da ita ba, ta dangi su keɓe da likita su roƙe shi ya ɓoye wa mara lafiya sunan ciwonta, wai kada hankalinta ya tashi. Na san tausayi ne yake kawo haka. Amma matar da ba ta san abin da ake ɗura mata ba, ba za ta san dalilin da zai sa zazzaɓin dare ya zama abin gaggawa ba, kuma da ta ji jiki a zagaye na biyu za ta ce a mayar da ita gida.

Kafin a fara akwai gwaje-gwaje, kuma babu na ɓata kuɗi a cikinsu. Ana auna yawan ƙwayoyin jini da lafiyar ƙoda da hanta, domin ta nan maganin yake fita daga jiki. Ana auna tsayi da nauyi, domin da su ake lissafa yawan maganin da za a ba kowa. Wanda za a ba doxorubicin ana yi masa hoton zuciya, saboda maganin yana iya raunana ta. Gwajin ciwon hanta nau'in B kuwa ina roƙon kowa ya tabbatar an yi masa, domin cutar ta yi yawa a ƙasarmu, mutane da dama suna ɗauke da ita ba su sani ba, kuma kemo yana iya tayar da ita daga kwanciya; idan an gano da wuri akwai ƙwayar da ake bayarwa ta tsare hantar. Mai ruɓaɓɓen haƙori ya je a gyara ko a cire tun kafin a fara. Mai ciwon suga ya faɗa, domin dexamethasone da ake haɗawa da maganin amai yana ɗaga suga, yana kuma hana barci.

Sai maganar da kunya take hana mata yi. Kemo yana iya tsayar da jinin al'ada, wani lokaci ya dawo, wani lokaci kuma shi ke nan, musamman ga wadda ta haura shekara 40. Wadda take fatan haihuwa nan gaba ta yi wa likita maganar kafin ruwan farko, ba bayan an yi nisa ba, haka ma namiji. Tsayawar jinin ba ta nufin ciki ba zai shiga ba, kuma maganin yana cutar da ɗan tayi, musamman a watannin farko, saboda haka dole ma'aurata su zauna da likita su zaɓi hanyar tsayar da ɗaukar ciki wadda ta dace da irin ciwon. Mai goyo kuwa sai ta yaye, kuma gara a fara sabar wa yaron da wani abinci tun da sauran kwanaki.

Kuɗi ne yake karya mafi yawan tafiyar. Abin da ya kamata a nema a rubuce shi ne kuɗin magani gaba ɗaya, daga zagayen farko zuwa na ƙarshe, a ɗora da gwajin jini na kowane zagaye, da maganin amai, da allurar filgrastim idan likita ya ce ana bukatarta domin ɗaga fararen ƙwayoyin jini, da kuɗin mota da masauki ga waɗanda suke tahowa daga nesa, sannan a tuna cewa tiyata ko gashi da na'ura (radiotherapy) suna iya biyo baya. Abin da na lura da shi shi ne, gudummawar da dangi suke haɗawa a makon farko, lokacin da hankalin kowa yake tashe, ita ce mafi tsoka da za a gani. Bayan wata biyu kowa ya koma kan nasa matsalolin, kuma wannan ba laifi ba ne, halin rayuwa ne. A gidanmu Yaya ne ya kawo shawarar da ta fisshe mu. Maimakon a tara abin da ya samu a lokaci guda, sai ya sa kowane mai hali a cikin dangi ya ɗauki nauyin zagaye ɗaya da sunansa da watansa, wasu kuma su biyu ko uku suka haɗu a kan guda. Ta haka kowa ya san ranarsa, ni kuma ban taɓa ɗaga waya ina roƙo ba. A shekarar 2021 gwamnatin tarayya ta fara wani asusu na tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza (prostate), a asibitoci 6, ciki har da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, da Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja. A tambayi sashen kula da walwalar marasa lafiya tun ranar farko, domin cike takardu yana cin lokaci. Magani kuwa a saye shi a ɗakin maganin asibiti ko inda likita ya aminta da shi, ko da wani ya yi tayin mai araha, saboda akwai jabu a kasuwa, wasu kuma, irin su filgrastim, lalacewa suke idan ba a firij aka adana su ba. A kuma san mutum biyu ko uku a dangi da za su iya bayar da jini idan bukata ta taso.

Abu mafi muhimmanci da za a saya wa gida shi ne ma'aunin zafin jiki, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Mun saba da cewa duk zazzaɓi maleriya ne: a aiki yaro kemis, a haɗiyi farasitamol, a lulluɓa a jira gari ya waye. Ga mai karɓar kemo wannan sabon yana iya zama ajali. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma a mako na biyu bangon a tsage yake; ƙwayar cutar da a da jiki zai murƙushe ba tare da an sani ba tana iya bazuwa cikin jini a 'yan sa'o'i. Ƙa'idar ita ce, da zarar ma'auni ya nuna 38, ko aka ji rawar sanyi, ko jiki ya saki haka kawai, sai asibiti a lokacin, ko ƙarfe biyun dare ne. Kada a sha farasitamol kafin a auna, domin yana rufe zazzaɓin ya bar cutar tana aikinta. Ko da maleriyar ce, a bari asibiti su tabbatar tare da duba jinin. Wannan yana nufin tun kafin a fara kemo an san motar wa za a ɗauka da dare, an san asibiti mafi kusa da yake karɓar gaggawa, kuma akwai kati a jaka mai ɗauke da sunayen magungunan da ranar da aka ɗaura ruwan ƙarshe. Da an isa a buɗe baki a ce, “Ina kan kemo, ina zazzaɓi,” kada a bi layi a yi shiru. Gidan sauro kuwa ya zama wajibi, ko a lokacin zafi.

Dubiya ibada ce, kuma babu wanda yake so a ce ya kori mai zuwa gaishe shi. Amma ɗaki cike da mutane, wannan da mura, waccan da yaro mai ƙyanda ko farankama a bayanta, ga musabaha ga turare mai tayar da zuciya, ba abin da mai raunin garkuwa zai iya ɗauka ba ne. Mara lafiya ba za ta iya faɗar wannan da bakinta ba, a ce ta yi girman kai. Dole a samu mai tsaron ƙofa, kuma ya fi kyau ya zama babba wanda ba a yi masa musu. Mahaifiyata ce ta riƙe wannan aiki. Takan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta karɓi gaisuwa, ta ce, “Tana ciki ta samu barci, likita ya ce a bar ta ta huta. Za ta ji kun zo, Allah ya ba da lada.” Waɗanda suka matsa sai ta ce su dawo mako mai zuwa, tana nufin mako na uku.

Masu kawo magani kuwa sai an tanadar musu amsa mai laushi, domin za su zo, kuma da zuciya ɗaya suke zuwa. Gwaggona ta taho daga ƙauye da jarka cike da jiƙon sassaƙe, ta dire a gabana ta ce, “Ke dai ki sha, 'yar nan, safe da yamma. Wata a garinmu shi ta sha ƙullutun ya narke.” Na ce, “Gwaggo, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Amma likita ya ce hantata da ƙodata ba za su ɗauki magani biyu a lokaci guda ba. Na asibitin ma ai wani daga ɓawon itace aka fara samo shi.” Ta riƙe haɓa ta ce, “Ashe su ma sassaƙen suke ba ku, suke karɓar wannan uban kuɗi?” Muka yi dariya, jarkar ta koma bayan ƙofa. Maganar da na faɗa mata gaskiya ce, domin paclitaxel daga ɓawon wani itace na arewa maso yammacin Amurka aka fara tace shi, vincristine kuma, wani maganin kemo, daga wani fure na Madagaska. Bambancin shi ne an san abin da ke cikinsu da yawan da jiki zai iya ɗauka, jiƙon jarka kuwa babu wanda ya auna shi, kuma idan ya taɓa hanta sai gwajin jini ya ɓaci a ɗage kemo. Addu'a da karatun Alƙur'ani da sadaka ba su taɓa cin karo da maganin asibiti ba. Duk abin da za a haɗiya ne, har da ƙwayoyin ƙarin kuzari da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp, ya kamata a nuna wa likita tukuna.

Abinci ba ya bukatar dogon bayani. A ci dafaffe da zafinsa, kaɗan-kaɗan sau da yawa, a samu ƙwai da wake da kifi da nama gwargwadon hali, a tafasa ruwan sha. A haƙura da nonon da ba a dafa ba, da tsiren bakin titi, da ɗanyen ganye, da kunu ko zoɓon da ba a san ruwan da aka yi su da shi ba. Babu hikima a hana mara lafiya nama ko duk wani abu mai daɗi da sunan kashe cutar da yunwa. Ramewa ce kawai take jawowa. Ƙamshin suya yana tayar da zuciya ƙwarai, saboda haka a samu mai girki a kwanakin farko, a kuma matsar da murhu daga ƙofar ɗaki. Maganin amai a sha shi a kan lokacin da aka rubuta, kada a jira sai aman ya zo, a kuma san cewa ondansetron, ɗaya daga cikin magungunan aman, yana sa bayan gida ya yi tauri. Baki a riƙa kurkure shi da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a yi amfani da burushi mai laushi, mai asuwaki kuma ya sassauta hannu saboda dasashi yana saurin fashewa.

Gashi yana fara zuba ne mako 2 zuwa 3 bayan ruwan farko, kuma kafin nan fatar kai takan yi tsami. Na tsefe kitsona tun da wuri, ƙanwata ta rage shi da almakashi, da ya fara bin mataji kuma muka aske gaba ɗaya, domin tsintar sa a kan matashi kowace safiya ya fi askin ciwo. Abin da babu wanda ya gaya mini shi ne ɗankwali ba ya zama a kan da babu gashi, sai an sa hular auduga mai laushi a ƙarƙashi. Farce da tafin hannu, wani lokaci har harshe, sukan yi baƙi, kuma duk suna washewa bayan an gama, gashin ma yana dawowa. Yara a gaya musu tun kafin su gani, a kuma tabbatar musu cewa ciwon ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko kwana ɗaki ɗaya.

Ranar kemo a karya da abu mara nauyi, a sha ruwa sosai domin jijiya ta fito, a sa riga mai faɗin hannu, a tafi da mayafi mai kauri da abin sha da mai rakiya. Ni dai na bar ƙunshi a bayan hannu har na gama, domin nas ta ga jijiya da launin fata sosai. Doxorubicin ja ne wur, kuma ba a barinsa ya ɗiga shi kaɗai. Nas ta zauna a gefena da safar hannu da babban sirinji, tana turawa a hankali, tana ɗan ja baya lokaci-lokaci ta ga jini ya biyo kafin ta ci gaba. Ta ce mini, “Hajiya, idan kin ji zafi ko raɗaɗi a wurin nan, ko kaɗan ne, ki faɗa mini nan take. Ban da kawaici.” Tana da hujja, domin idan maganin ya fita daga jijiya ya shiga tsoka yana cin naman wurin, kuma dauriyar da aka raine mu a kanta ba ta da amfani a wannan kujera. Fitsari zai yi ja kwana ɗaya ko biyu, launin maganin ne ba jini ba. A ci gaba da shan ruwa da yawa saboda cyclophosphamide yana damun mafitsara idan ya daɗe a ciki, kuma a kwana biyun farko mai wanke fo ko kayan da aka yi amai a kai ya sa safar hannu. Da aka koma paclitaxel kuwa, abin lura shi ne dindiris ko jin kamar tsirar allura a yatsun hannu da na ƙafa, wanda ya kamata a sanar da likita da wuri domin ya duba ko zai rage yawan maganin.

Idan azumi ya riski mutum a tsakiyar magani, aya ta 184 da ta 185 a Suratul Baƙara sun yi wa mara lafiya rangwame, sai a haɗa maganar likita da ta malami a yanke shawara tun kafin a ga wata. Wata rana kuma za a je a shirye a ce jini bai kai ba, a dawo bayan mako guda. Wannan ɗagewar ta likita ce, kuma kariya ce. Wadda take da haɗari ita ce wadda mutum yake yi wa kansa, musamman idan ƙullutun ya motse bayan zagaye biyu ko uku har hannu ya daina jin sa, dangi suka fara cewa an warke, a bar wahalar haka. Motsewar alama ce ta cewa maganin yana aiki, amma ƙwayoyin da hannu ba ya ji su ne sauran zagayen suke bi. Masu tahowa daga nesa su tambayi likita ko zai yarda a yi gwajin jinin a wani amintaccen wuri kusa da gida kwana ɗaya kafin ranar, a tura masa sakamakon ta waya, domin kada a biya kuɗin mota a sha hanya sannan a ce a juya.